Da Kuɗinmu Muka Zo, Ba Bara Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin ɗalibai, a ɗakunan kwana da gindin bishiyoyi da cikin a-daidaita-sahu, amma har yau ban ga wanda ya ɗauki alƙalami ya sa ta a takarda ba. Watau maganar irin wulaƙancin da mai ciniki yake sha a gidajen abincin zamani da wuraren shaƙatawa na wannan birni namu na Kano, da kuma hayaniyar da ake ɗura masa a kunne a ce masa wai nishaɗi ne. Kowa ya je ya dawo sai ka ji ya yi tsaki, ya rantse ba zai ƙara taka wurin ba, mako na zagayowa kuma ka gan shi ya koma da ƙafarsa. To, ni dai na ga tsakin nan namu bai hana kome ba, shi ya sa na kawo maganar nan inda za ta zauna a rubuce, wanda ta shafa ya karanta, in ya ji haushi ya ɗauki nasa alƙalamin.

Wuraren da nake nufi kowa ya san su. Su ne waɗannan da suka tsiro kamar ciyawar damina a Titin Gidan Zoo da Nassarawa da hanyar Gwarzo da sauran manyan tituna: ƙofar gilashi, fitilu ja da shuɗi, mai gadi da kaki, da wani suna na Turanci wanda shi kansa mai gidan da ƙyar yake iya faɗinsa daidai. Sa'an nan akwai 'yan uwansu na Sabon Gari, inda ake haɗa farfesu da gasasshen kifi da kwalba. Na san da na ambaci Sabon Gari wani zai ɗaure fuska ya ce me ya kai mujallar ɗalibai maganar mashaya. Malam, ka kwantar da hankalinka. Hukuncin giya ba ni zan faɗa maka shi ba, malamai sun gama faɗa, hukuma ma ta faɗi nata, tun da jihar nan ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, ta kafa hukumar Hisba da doka a 2003, kuma a watan Nuwamba na 2013 an murƙushe kwalabe wajen 240,000 a bainar jama'a. Amma unguwar nan tana nan tun wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a cikin ajinmu akwai waɗanda nan ne gidajen iyayensu. Mutumin da ya zauna a kujerar roba a can ya biya kuɗin kifinsa, da wanda ya zauna a kujera mai laushi a Nassarawa ya biya kuɗin shinkafarsa, cuta ɗaya ce take cin su, don haka a faifai ɗaya zan zuba su.

Tun daga bakin ƙofa ake soma auna ka. Mai gadi ba fuskarka yake duba ba, takalminka yake duba, da abin da ya sauke ka. In mota ce, zai ruga ya buɗe ƙofa yana "ranka ya daɗe". In kuwa daga a-daidaita-sahu ka sauko da jakar littattafai a kafaɗa, sai ya tsaya ya dube ka sama da ƙasa kamar wanda ya zo neman aikin wanke-wanke. Ka shiga, ka yi sallama, ba mai amsawa. 'Yan sabis uku ko huɗu suna jingine da kanta, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Ka nemi tebur da kanka, ka ture kwanukan waɗanda suka tashi da kanka, ka zauna kana ɗaga hannu kamar ɗan firamare mai neman izinin fita. Alhali kuwa mu mutanen da aka rena da cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ne. A gidan da na tashi, ko mai tallar goro ce ta leƙo, sai an ce mata sannu da zuwa, an miƙa mata ruwa, kafin a tambaye ta nawa-nawa. Yau ga mutum ya zo takanas don ya ba ka kuɗi, amma sannu ta gagara.

Idan Allah ya taimake ka wani ya iso, da Turanci zai tare ka. Ka dube shi, ka ga tsagen Gobirawa a kumatunsa, ko ka ji shi ɗazu yana zuba Kananci da abokin aikinsa, amma da ya zo kanka sai harshe ya juye. Ka amsa masa da Hausa, ya sake maimaita maka da Turanci, kamar yana yi maka gyaran jarrabawa. Na tambayi ɗaya daga cikinsu dalili, ya ce mini manaja ne ya hana, wai Hausa tana zubar da darajar wuri. Ku ji fa! A tsakiyar Kano, a gidan da mai shi Bahaushe, kuku Bahaushe, masu ci Hausawa, abin da ke cikin tukunya tuwo da miyar kuka, wai Hausa ce za ta zubar da daraja. Ba ina cewa kada a yi wa baƙo Turanci ba. Wanda ya zo daga Ikko ko Inugu bai ji Hausa ba, a yi masa abin da yake ji, wannan shi ne karamci. Amma a dubi ɗan gari a yi masa yaren da zai sa ya ji shi baƙo ne a garinsu, wannan ba wayewa ba ce, raini ne.

Takardar jerin abincin kuwa, ita ce abin dariya da kuka a haɗe. Tuwon shinkafa da tuwon masara da tuwon dawa da sakwara da teba, duk an tattara su an yi musu suna ɗaya na Turanci wanda ma'anarsa "haɗiya". Haɗiya! Kamar maganin zazzaɓi. Abincin da kakanninmu suka bambanta shi da suna, kowanne da miyar da ta dace da shi, kowanne da lokacinsa, an mayar da shi abin da ake turawa maƙogwaro kawai. Kunun aya, in ka fassara sunan da suka laƙaba masa, sai ya zama "madarar gyaɗar damisa". Waina ta zama "kek ɗin shinkafa". Zoɓon da yarinya take sayarwa a ƙulle a leda a ƙofar makaranta, shi ne dai aka zuba a dogon kofi, aka soka masa tsinken tsotso da yankan lemon tsami, aka ba shi sunan fure da Turanci, aka ninka kuɗinsa sau goma. Mu da muke zaune a aji ana koya mana yadda harshe yake aron kalma in ya rasa tasa, mun san aro ba laifi ba ne: shawarma ba mu da ita, mun karɓe ta da sunanta, haka shayi, haka burodi. Amma wanda yake da riga a jikinsa ya tuɓe ta ya je aron tsumma, wannan sai a bincika lafiyarsa.

Sa'an nan ka zaɓi abu a cikin takardar nan mai shafi huɗu, a ce babu. Ka zaɓi na biyu, babu. Na uku, "yanzu ya ƙare". Ashe duk gidan shinkafa ce iri biyu da kaza, sauran ado ne. Kuma ba za a faɗa maka babu ɗin nan da wuri ba, sai ka yi rabin sa'a kana jira.

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, ranar da muka gama jarrabawa, mu biyar muka haɗa kuɗi muka je wani irin wannan gida don mu wanke gajiya. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ba shi kaɗai ba ne, kuma ban zo kashe wa kowa kasuwa ba. Mun zauna bayan sallar magariba, abinci bai iso ba sai da aka yi kiran isha'i aka idar. A tsakanin nan wani mai babbar riga ya shigo da mutanensa, aka kai su wani ɗaki na ciki mai labule, kuma a gabanmu aka wuce da tirensu yana tururi tun ba su gama gyara zama ba. Namu da ya zo, shinkafar ta huce, naman kuwa kamar an yanko shi daga takalmin soja. Abokiyar karatunmu guda ta ce a ɗumama mata nata, yaron ya ɗauka ya tafi, bai dawo da shi ba sai da muka cinye namu muka wanke hannu. Da aka kawo lissafi, sai ga kuɗi ya haura abin da muka ƙirga. Aka ce akwai haraji, akwai kuma kuɗin hidima. Muka biya ta waya, kuɗi ya fita daga asusun mai biya, ga shaida a hannunsa, amma aka ce ba mai fita sai alat ya shigo wayar manaja, manaja kuwa ya fita. Muka tsaya a bakin kanta kusan minti arba'in, mai gadi ya tokare ƙofa, masu shigowa suna kallonmu kamar waɗanda aka kama da kazar maƙwabta.

Bari in tsaya a kan lissafin nan, domin a nan ne ake yi mana yankan baya. Harajin kayan masarufi na tarayya, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairu na 2020, ba na gardama da shi, in dai da gaske asusun hukuma yake tafiya. Abin tambaya shi ne, me ya hana a rubuta shi a jikin takardar abinci tun farko, mutum ya san abin da zai biya kafin ya sa hannu a kwano? Me ya sa in ka nemi rasit sai a yago maka takarda a rubuta jimla da biro, babu sunan gida, babu hatimi? Shi kuma kuɗin hidima, wace hidimar? Ta jiran sa'a guda? Kuma wa yake karɓarsa? Na tambayi 'yan sabis a wurare dabam-dabam, ban sami ko ɗaya da ya ce mini kuɗin nan yana shiga aljihunsa ba. Watau an karɓa da sunan yaro, an zuba a aljihun uban gida. Ƙasar nan tana da dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, da hukumar tarayya da aka ɗora wa aikin, kuma dokar ta ba mai saye haƙƙin a bayyana masa farashi. Amma doka a takarda take, mu kuwa kunya ta hana mu buɗe baki, kada a ce mun cika ƙwauro a gaban budurwa. Da wannan kunyar tamu ake gina benaye.

Maganar alat kuwa, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sa'ad da aka sauya fasalin naira mutane suka kwana a layin banki, kowa ya koma biya ta waya, har mai rake. Gaskiya ne akwai 'yan damfara masu nuna shaidar ƙarya. Amma gidan da ya iya sayen fitilu masu walƙiya da talabijin shida, ya kasa ajiye waya guda a kanta wadda mai karɓar kuɗi zai duba nan take? Don ɓarawo ɗaya sai a mayar da kowane mai ciniki abin zargi?

Ku kwatanta wannan da mai tuwon bakin tasha, ko mai shayin ƙofar makaranta. Ba ta da takardar abinci, ba ta da fitila mai launi. Amma kana zama za ta ce "sannu da zuwa ɗan makaranta, yau ina abokin naka?" Ta san ba ka son yaji da yawa. Ta san in wata ya yi nisa aljihunka ya bushe, za ta zuba maka ta ce ka kawo in an aiko. In ta gama zubawa ta ƙara maka gyara, ɗan lomar nan da ba ka biya ba, wadda ita ce take cewa "ka dawo gobe". Gyara al'ada ce ta kasuwar Hausa tun daga mai gero har mai ƙuli-ƙuli, kuma hikimar ciniki ce tsantsa: an saye zuciyarka da abin da bai kai kome ba. Gidan zamani ya kashe gyara ya kawo kuɗin hidima, watau da ana ƙara maka, yanzu kai ake ƙara wa. Ba na cewa wurin mai tuwo aljanna ne. Akwai ƙuda, akwai ruwan wanke kwano da ba a sauyawa tun safe, akwai kwatar da ke wucewa ta ƙarƙashin benci, kuma da duba-gari suna aikinsu kamar yadda iyayenmu suke ba mu labari, da wasu an rufe su. Amma ita ƙazanta sabulu da ruwa suna maganinta. Na kuma leƙa bayan wasu gidajen gilashin nan sa'ad da nake neman wurin alwala, abin da na gani a can bai fi na tasha tsabta ba, labule kawai ya fi shi.

Kada wani ya ɗauka yaran nan masu kawo abinci nake tuhuma. Su ma abin tausayi ne. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin gidajen abincin nan ba su kai ba. Saboda haka mai gida yana biyan abin da ya ga dama, a ranar da ya ga dama. Yaro ya tsaya da ƙafafunsa tun hantsi har tsakar dare, in kofi ya fashe a cire a albashinsa, in wani ya gudu bai biya ba a cire a albashinsa, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ko na yini ɗaya ya koya masa yadda ake tarbar mutum. Wanda aka wulaƙanta a kicin, da wace fuska zai fito ya yi maka murmushi a tebur? An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma a gidan abinci na ga akasin haka: duk inda ka ga bafaden ya ɗaure fuska, to, ka bincika sarkin.

Mu masu zuwa ci ma muna da namu kason. Na sha ganin ƙato da gemunsa yana kiran ɗan sabis da tsaki ko da tafi kamar mai kiran kare, "kai, zo nan", ba sallama, ba don Allah. Na ga masu riƙe hannun 'yan matan da ke aiki a wuraren nan suna neman lambar waya, yarinya tana murmushin dole don ta san in ta fizge hannunta manaja bayan mai kuɗi zai bi. Wanda yake yin haka ba shi da bakin da zai yi kukan an raina shi. Kuma irinsu ne suka koya wa yaran nan cewa mutum iri biyu ne, wanda ake tsoro da wanda ake rainawa, mu 'yan jakar littattafai muka faɗa kashi na biyu.

Yanzu sai nishaɗi, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Abin da ake kira nishaɗi a wuraren nan shi ne lasifika biyu masu tsawon mutum, da wani saurayi a bayan kwamfuta da abin ji a kunne, yana sako waƙa kan waƙa, ba ya barin ko ɗaya ta kai ƙarshe, yana katse ta da ihun sunan kansa. A bango talabijin tana nuna ƙwallon Ingila, wata tana nuna kokawar Amurka, janareto yana nasa rurin a waje, hayaƙin shisha ya turnuƙe kusurwa. Ka zo da abokinka don ku yi hira, sai ka koma kana yi masa ihu a kunne yana gyaɗa kai bai ji ba. Ka roƙi a rage, a ce maka haka kwastomomi suke so. Waɗanne? Na duba teburan da ke kewaye da ni, kowa ya haƙura da magana ya koma latsa waya. Wannan ba ƙorafin tsofaffi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan sauraro, kuma a 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa cewa matsakaicin ƙarar kada ya wuce desibel 100. Wa yake aunawa a nan? In ka fito daga wuri ka ji kunnenka yana ƙugi har ka kwanta, to, kunnen ne yake faɗa maka an yi masa rauni, kuma irin raunin nan in ya taru ba ya warkewa. Ka biya kuɗin abinci, an haɗa maka da kurumta kyauta. Ga gyaran zamani ke nan.

Abin takaicin shi ne, wuraren ci da sha su ne dā makarantar kiɗan Hausa na jama'a. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba a fada kaɗai ya yi suna ba. A hotal-hotal da kulob-kulob na garuruwan Arewa ya shafe dare da kalangunsa, a gaban direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe, kuma mutumin nan ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa na dakta a 1988. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙa zaunar da taro, yana waƙar karen mota da zaman aure, abubuwan da masu saurarensa suke ciki tsundum. Haruna Uji da gurminsa, Barmani Coge da ƙwaryarta har ta rasu a 2013, duk a gaban mutane masu rai suka goge. Abin da ya bambanta su da lasifika shi ne suna da ido. Mawaƙi yana duban taro, ya ga wanda ya shigo, ya san ɗan wane ne, ya san sana'arsa, ya jefa masa kirari ko ya yi masa zambo, taro ya fashe da dariya, 'yan amshi su ɗauka. Waƙar daren jiya ba ita ce ta daren yau ba, domin mutanen ba su ne ba. Kuma in makaɗi ya sauke, ana samun shirun da za a yi hira a ci abinci. Mu a sashenmu muna rubuta kundin digiri a kan waɗannan mutane, muna bin tsofaffin kaset muna rubuta baitocinsu, amma wurin da ya haife su mun bar wa kebul da lasifika.

Ba kuwa don makaɗan sun ƙare ba. Suna nan. Wani dare a Sabon Gari, inda wani abokin karatunmu ya gayyace mu cin kifi, na ga wani dattijo ya shigo da kukumarsa a rataye, da yaro ɗaya mai kalangu. Ya tsaya daga gefe yana jiran a ɗan sassauta na'ura ya gwada sa'arsa. Ba a sassauta ba. Ya matsa kusa da wani tebur ya soma gogawa, ana ganin hannunsa yana tafiya, ba a jin kome, kamar majigin da aka kashe wa murya. Kafin ya yi nisa mai gadi ya zo ya kama shi a kafaɗa ya nuna masa ƙofa, wai ba a bara a nan. Bara! Mutumin da ya yi shekaru yana koyon sana'arsa shi ne mabaraci, wanda ya kwafo waƙoƙin mutane a ɗan maɓalli bai biya masu su ko sisi ba shi ne ma'aikaci mai albashi.

Za a ce mini zamani ne, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, matasa ba sa son kayan gargajiya. Ni matashi ne, kuma ban ce a hana waƙar zamani ba, ina jin ta, a wayata ma akwai ta. Amma yaushe aka ba matasan zaɓi har aka san abin da suke so? Ku je bikin aure ku gani in 'yan kalangu ko masu kiɗan ƙwarya suka shigo, su wa suke fara cika fili? Ku duba ranar bikin al'adu a makarantar nan, wane zaure ne yake cika har a tsaya a taga? Gaskiyar magana ita ce lasifika ba ta cin abinci, ba ta neman kuɗin mota, shi ya sa mai gida ya fi son ta. Rowa ce aka sa mata rigar zamani. Ko a inda aka ce an kawo mawaƙi mai rai, sau da yawa ba a biyansa, sai a ce ya dogara da liƙi. Liƙin kuwa dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta shi a matsayin wulaƙanta naira, kuma a 2024 an ga yadda aka gurfanar da mutane a kotu a kansa har da ɗauri. Ashe ke nan an ɗora abincin mawaƙi a kan abin da zai iya kai mai ba shi gidan yari, shi kuwa mai gida ya sayar da lemonsa da kifinsa ya kulle kanta.

Za a kuma ce mini rayuwa ta yi tsada, tun da aka janye tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023 kome ya tashi, ga kuɗin gas, ga na dizal, ga haya. Na yarda, kuma ban yi gardamar farashin shinkafa ba. Wanda ya ga ba zai iya ba ya ci a gida. Amma nawa ne kuɗin "sannu da zuwa"? Litar dizal nawa ake ƙonawa kafin a ce wa mutum "yi haƙuri, abin da ka nema babu" tun bai yi rabin sa'a yana jira ba? Rage ƙarar lasifika ma ragin wuta ne. Duk abin da na lissafa a nan, in ka cire albashin yara da na makaɗi, babu wanda zai ci wa mai gida ko kwabo.

Akwai kuma masu cewa, "Wa ya aike ku? Ɗalibi da gidan abincin masu kuɗi?" Wannan ita ce maganar da ta fi kowace ba ni haushi, domin ita ce take ɗaure wa wulaƙancin gindi. Naira dubu ta ɗalibi da naira dubu ta ɗan kwangila, hoto ɗaya ne a jikinsu. Ranar da mai gida ya buɗe ƙofa ya kafa allo a bakin titi, ya gayyaci duk mai wucewa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In wurin na masu mota ne kaɗai, a rubuta a allon, mu san inda dare ya yi mana.

Ni dai ga abin da na soma yi, kuma ina roƙon 'yan uwana ɗalibai su gwada. In aka tare ni da Turanci alhali na san mai maganar yana jin Hausa, da Hausa nake amsawa har mu rabu, in ce tuwo, in ce kunun aya, in bar shi ya fassara wa kansa. Kafin in ce a kawo, sai na tambayi jimlar abin da zan biya har da haraji, in kuma aka kawo lissafi sai na nemi rasit mai sunan gida. In akwai kuɗin hidima, ina tambayar yaron a gaban manaja ko yana samunsa. Abin da zan ba yaro kuwa a hannunsa nake sa masa, in kira shi da sunansa. In ƙara ta hana ni jin wanda ke gabana, ina roƙo sau ɗaya a rage, in an ƙi in tashi tun ban ce a zuba ba, in kuma faɗa wa mai kanta dalilin tashina, don kada ya zaci kuɗi ne ba ni da shi. Ranar Asabar da ta wuce mu bakwai muka yi haka a wani gida a hanyar Gwarzo. Ba mu kai bakin titi ba manaja ya biyo mu da gudu, da Hausa garau a bakinsa, yana cewa mu dawo an rage.